Amsa ga ƙanwata da tsoro ya hana ta barci

Assalamu alaikum. Ƙanwata, tun daren jiya na ga tambayarki, amma ban iya amsawa ba sai da na idar da sallar asuba na zauna, domin kin fama mini wani tsohon miki. Ga waɗanda ba su gani ba: ta ce suna haya a wata unguwa ta bakin iyaka a nan Jos, irin wadda da an ji ƙishin-ƙishin rikici kowa ke kwana ido biyu. Maƙwabcinsu da ba ya wasa da azkar an tare shi a hanyar ƙauye an kashe, tun daga nan zuciyarta ta ƙi kwanciya. Tana so su tashi, surukarta ta ce tashi rashin tawakkali ne. Shi ne take tambaya, in Allah yana kare bayinsa daga maƙiya, ina kariyar ta shiga ranar da aka kashe wannan bawan Allah?

Fatawa ta malamai ce. Ni abin da ya faru a gidanmu zan faɗa miki, har sau biyu.

Ranar Juma'a 7 ga Satumba 2001 ina da shekara 24, da goyon wata biyar a bayana. Maigidana yana da shago a babbar kasuwar Terminus, wadda ta ƙone a Fabrairun 2002, daga can ya wuce masallaci. Rigimar ta tashi daga unguwar Congo-Russia daidai lokacin sallar Juma'a, kafin la'asar hayaƙi ya turnuƙe gari. Wayar salula ba ta fi wata guda da shigowa ƙasar ba, ba ta kai hannun irinmu ba, don haka ban san ko yana raye ba, shi ma bai san halin da nake ciki ba. A unguwarmu kuwa gidajen Musulmi ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba.

Katanga ɗaya ta raba mu da wata dattijuwa Kirista, nas ce da ta yi ritaya, mijinta ya rasu. Mama muke ce mata. Ita ta koya mini dafa gwaten acca, da Sallah in kai mata tuwo da nama, da Kirsimeti ta aiko mana da shinkafa da cincin. Ana gab da magariba ta leƙo ta kan katangar baya ta ce, "Amarya, miƙo mini yaron nan, ke ma ki hauro." Ta ba ni zanenta na zumuntar mata na ɗaura, ta tura ni cikin sito tsakanin buhunan masara da dankalin Turawa. Kwana uku na yi a wurin.

A dare na biyu wasu samari suka zo suna dukan ƙofarta, suna cewa an ga ta ɓoye mutane. Ina jin komai. Wallahi, ƙanwata, duk addu'o'in da na haddace a Islamiyya suka gudu daga kaina, ba abin da ya rage a bakina sai "Hasbunallahu wa ni'imal wakil". Na manna yaron a ƙirjina. Yaro ne mai ciwon ciki, kukansa da daddare har maƙwabta sun saba da shi, amma a daren nan ko tari bai yi ba. Na ji Mama ta buɗe ƙofa tana kiran wasunsu da sunayensu, tana tuna musu cewa ita ta karɓi haihuwarsu, ta ce duk wanda zai shiga ɗakinta sai dai ya fara tsallake gawarta. Suka yi ta hayaniya, can suka watse. A rana ta huɗu ɗanta ya samo sojoji suka kwashe mu zuwa barikin Rukuba, a can maigidana ya same mu bayan ya zagaya asibitoci yana duba gawarwaki. Cikin wannan makon an rasa rayuka kusan 1,000 a garin nan.

Na daɗe ina juya abin a raina. Na roƙi Allah tsari, kuma da a ce an tambaye ni ta ina tsarin zai ɓullo, ba zan taɓa cewa ta hannun matar da ke zuwa coci kowace Lahadi ba, a ranar da gari ya rabu gida biyu da sunan addini. Amma ta nan Ya aiko shi. Shekaru 17 bayan haka aka ga irinsa ta ɗaya ɓangaren: ranar 23 ga Yuni 2018, a ƙauyen Nghar da ke ƙaramar hukumar Barikin Ladi, Imam Abubakar Abdullahi, dattijo mai shekara 83, ya ɓoye mutum 262, yawancinsu Kiristoci, a masallacinsa da gidansa, ya tsaya gaban maharan yana roƙonsu har suka tafi. Gwamnatin Amurka ta karrama shi a 2019. Na tabbata waɗanda ke kwance a kan tabarmar masallacin nan su ma Allah suke kira. Shi ya sa ba na sakin baki da kalmar "maƙiya". Maƙiyi shi ne wanda ya ɗauko makami ya nufo ki, ba duk wanda ba ku haɗa alƙibla ba. Allah da kansa ya gargaɗe mu a Suratul Ma'ida, aya ta 8, kada ƙiyayyar wasu mutane ta sa mu bar adalci.

Da a nan labarin ya tsaya, da sai in ce miki riƙe addu'a ba abin da zai same ki, in yi shiru. Amma zan zama na yi miki ƙarya.

Autanmu, wanda na goya da bayana, yana sayar da takalma a bakin titi a Terminus. Ya fi ni karatu nesa ba kusa ba, ba ya fita gida sai ya kammala azkar ɗin safe, ko da ciniki zai wuce shi. Ranar Talata 20 ga Mayu 2014 bam ya tashi a wurin. Na farkon bai taɓa shi ba. Abokan sana'arsa sun ce suna ta janye shi su gudu, ya fizge ya koma ɗauko waɗanda suka jikkata. Yana cikin haka na biyun ya tashi. Aƙalla mutum 118 suka rasu a ranar, yana cikinsu.

Tambayar nan taki, kalma da kalma, na yi wa mahaifinmu a zaman makoki, ina kuka. Na ce Baba, ni da addu'a ta ɓace mini aka tsare ni, shi da bai taɓa fashinta ba aka ɗauke shi? Baba, Allah ya ji ƙansa, ya bari sai da na yi shiru, sannan ya ce, "Addu'ar 'Bismillahil lazi la yadurru ma'asmihi shai'un' da kuke yi sau uku safe da yamma, wa ya rawaito ta?" Na ce ban tuna ba. Ya ce Sayyidina Usman ne, kuma a cikin gidansa aka kashe shi, Alƙur'ani na buɗe a gabansa. Sayyidina Umar yana limancin asuba aka soke shi. A Uhudu sahabbai 70 suka yi shahada har da Hamza, baffan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi kansa an ji masa rauni a fuska. Ya ce, "Waɗannan Allah ya yi watsi da su ne?"

Daga baya na zauna na duba da kaina. Wuta biyu ce a Alƙur'ani da aka hura wa muminai. An jefa Annabi Ibrahim a ɗaya, Allah ya ce mata ta zama sanyi da aminci, ya fito lafiya. An jefa mutanen rami a ɗayar, cikin Suratul Buruj, ba su fito ba, amma a surar nan ne Allah ya ambaci babban rabo ga waɗanda suka yi imani. Ubangiji ɗaya ne, imani ɗaya ne, ƙarshen ya bambanta. Suratur Ra'ad ta ce kowane mutum yana da mala'iku masu maye wa juna, gaba da baya, suna tsaronsa da umarnin Allah, kuma malaman tafsiri sun kawo daga Ibn Abbas cewa in ƙaddara ta zo sai su ja gefe. Ashe kullum cikin tsari muke, sau dubu ana kau da sharri daga kanmu ba mu ma sani ba, har ranar da wa'adi ya cika. Wa'adin kuma ba maƙiyi ke yanka shi ba. Na yi imani an tsare ƙanena a ranar nan, an tsare masa abin da ya fi jikinsa daraja, tunda ajali ya riske shi yana gudu zuwa wajen masu neman taimako. Haka nake kyautata zato ga maƙwabcinku. Wannan bai hana ni kuka duk ranar da na bi ta Terminus ba.

To, maganar surukarki. Da girmamawa, a nan ban bi ta ba. Dubi yadda aka yi Hijira. Madina tana arewa, Manzon Allah da Abubakar suka fara nufar kudu, suka ɓuya a kogon Sauru kwana uku. Abdullahi ɗan Abubakar yana kawo musu labarin abin da Ƙuraishawa ke ƙullawa, Asma'u ta shirya guzuri, Amir bin Fuhaira yana koro tumaki a kan sawu don ya ɓace, sannan suka ɗauki hayar ɗan jagora masanin hanya, Abdullahi bin Uraiƙiɗ, wanda a lokacin ma ba Musulmi ba ne. Sai da aka gama duk wannan dabara, masu nema suka tsaya a bakin kogo, ba sauran abin yi, sannan ya ce wa abokinsa kada ya yi baƙin ciki, Allah yana tare da su. A yaƙin Ahzab rami aka haƙa bisa shawarar Salmanul Farisi kafin Allah ya aiko da iska. Mai raƙumi ma cewa aka yi ya ɗaure shi sannan ya dogara. Tsoron da kike ji kuwa ba raunin imani ba ne, Annabi Musa ya fita daga Masar yana tsoro yana waige-waige, haka Suratul Ƙasas ta faɗa.

Mu ma mun tashi a ƙarshen 2001, muka koma unguwar Rikkos, cikin Musulmi. Ban yi nadama ba, amma ba kyauta muka samu ba. 'Ya'yana sun taso ba su da abokin wasa ko ɗaya da ba Musulmi ba, haka jikokin Mama a can. Rabuwar unguwannin nan ita ta sa ƙarya ke saurin kama wuta a Jos, don wanda ba ki taɓa cin abinci da shi ba kome aka faɗa a kansa sai ki yarda. Saboda haka tashi halal ne, zama ma halal ne. Ku zauna da maigidanki ku auna aljihu da makarantar yara, ku yi istihara. Surukarki kuma kada ki ja da ita da ayoyi. Sau da yawa tsohuwa in ta ce tawakkali, abin da ke ranta shi ne kada a nisanta ta da ɗanta da jikokinta. Ki bar shi ya yi mata magana, ya nuna mata inda za ku koma da yadda za ta riƙa zuwa.

Ko kun tashi ko kun zauna, rikicin Nuwamba 2008 da na Janairun 2010 sun koya mana wasu abubuwa. Takardunmu duka a jaka ɗaya suke. Ba na bari hatsi da gawayi su ƙare ƙaf, saboda dokar hana fita ba ta sallama. Yarana sun san gidan da za su shiga in abu ya tashi suna makaranta. Saƙon murya na WhatsApp da ban san asalinsa ba, a wayata yake mutuwa. Rashin barcin nan kuma kada ki raina shi, ni da hawan jini ya bar ni bayan rasuwar ƙanena. Ki je asibiti a duba ki, ki ci gaba da Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi in za ki kwanta.

Sannan ina roƙonki abu ɗaya. Cikin makon nan ki dafa wani abu ki shiga gidan maƙwabtanki, har waɗanda ba ku haɗa addini ba, ki gaishe su, ku karɓi lambar juna. Mama ta rasu shekarun baya, na je jana'izarta da yaron nan da ta karɓa ta kan katanga, ya zama saurayi har ya fi ni tsawo. Zanen zumuntar da ta ba ni yana nan a ƙasan akwatina, na so in mayar mata tun a lokacin ta ce in riƙe.