Mun wuce Zul Hulaifa ba harami: akwai yanka a kaina?

Tambaya

Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam. Ni malamar Islamiyya ce a Gusau, Sira nake koya wa matan aure. A watan Safar da ya wuce na bi wata tafiyar karatu haɗe da Umara, da kuɗin adashin da na daɗe ina zubi. An tsara mana cewa ranar barin Madina za mu bi ta Badar a yi mana darasi a filin yaƙin, daga nan mu wuce Makka. Motar da aka ce za ta zo bayan Asuba ba ta zo ba sai hantsi. Muna kallon masallacin Zul Hulaifa, inda mutanen Madina suke ɗaukar harami, direba ya wuce, jagoranmu ya ce a gaba za mu ɗauki harami. Na'urar sanyaya mota ta mutu a hanya. Mun isa Badar rana tsaka, tsofaffi sun galabaita, darasin bai kai minti goma ba aka ce mu hau. Da muka yi gaba kaɗan motar ta tsaya cak. A gefen titi muka yi taimama muka haɗa Azahar da La'asar da ƙasaru, don ruwan da ya rage na sha ne. Sai da dare wata motar ta kai mu Juhufa, a can muka yi niyya. Wani ɗalibi a cikinmu ya ce kowa sai ya yanka rago, sallarmu ma da gyara. Tun da na dawo hankalina bai kwanta ba.

Daga wata mai karatu, Gusau

Amsa

Wa alaikumus salam. Malama, sannu da wahala, Allah ya saka miki da alheri. Bari in fara da abin da ya hana ki barci: Umararki ta inganta, kuma a mazhabar Malikiyya da muka taso a kanta babu yanka a kanki.

Dalilin yana cikin Risala, wadda na tabbata kin karanta a zaure ko a Islamiyya. A babin Hajji, Ibn Abi Zaidin Alƙairawani ya kawo cewa miƙatin mutanen Sham da Masar da Magrib, wato wurin ɗaukar haraminsu, shi ne Juhufa, in kuma suka bi ta Madina, abin da ya fi musu shi ne su ɗauki harami daga Zul Hulaifa. Ya ce ya fi, bai ce wajibi ba ne. Malaman mazhaba sun sa mutanen ƙasashenmu cikin masu miƙatin Juhufa. Hanyar da kuka bi kuwa, wadda ta gangara Badar ta kama gaɓar teku zuwa Rabig, ita ce take bi ta Juhufa, kimanin kilomita 180 kafin Makka. Kenan miƙatinki na asali yana gabanki lokacin da direba ya wuce Abyar Ali, wato Zul Hulaifa, kuma a cikinsa kika yi niyya kika fara talbiya. Falala ce ta kuɓuce miki, wajibi bai kuɓuce ba. Da a ce kun wuce Juhufa ita ma, sai a kusa da Makka kuka yi niyya, to da amsata ta canza, da yanka ya hau kanki a can Makka.

Shi ma ɗalibin nan kada a ga laifinsa, ba daga kansa ya ƙago maganar ba. Akwai hadisin Ibn Abbas a Bukhari da Muslim, inda Annabi (SAW) ya ambaci miƙatai ya ce na mutanensu ne da duk wanda ya biyo ta kansu ko da ba ɗan wurin ba ne. Da shi Imamu Shafi'i da Imamu Ahmad suka riƙe, suka ce duk wanda ya fito daga Madina to Zul Hulaifa ce miƙatinsa. Malikiyya da Hanafiyya suka ba da sauƙi ga mai wani miƙati a gabansa. Abin da ban so ba shi ne a jefa wa mata da tsofaffi hukuncin rago a cikin mota mai zafi ba tare da an gaya musu akwai saɓani ba. Mace ta zuba adashi ta zo, a sa ta dawo gida da zullumi a kan mas'alar da malaman ƙasarta suka daɗe da warwarewa.

Inda nake so ki tsaya ki tuna shi ne taimamar. Haɗa sallolin daidai ne, ƙasaru ma daidai ne, domin tafiyarku ta zarce mil 48 da ake ƙasaru a kansa nesa ba kusa ba, kuma kun sallace su kafin rana ta faɗi. Barin ruwa don sha shi ma daidai ne, ba a alwala da ruwan da rai yake bukata, kuma aya ta 6 a Suratul Ma'ida ta ambaci matafiyi ƙarara. To amma taimama nawa kika yi? A mashahurin zancen Malikiyya ba a sallar farilla biyu da taimama ɗaya, ko da haɗa su aka yi. In bayan sallame Azahar kin sake buga ƙasa kafin La'asar, shi ke nan, babu komai. In kuwa da taimama ɗaya kika yi duka biyun, ki rama La'asar kaɗai, raka'a biyu, domin sallar tafiya ana rama ta yadda take ko da mutum ya dawo gida. Ki isar da wannan ga matan da kuka yi sahu tare.

Darasin Badar da aka yanke muku shi ya fi taɓa ni a wasiƙarki, don na san abin da ya kai ki ke nan. Duk da haka kada ki raina minti goman. Kin tsaya a kwarin da aka gwabza ranar 17 ga Ramadan, shekara ta 2 bayan Hijira, wato 624 Miladiyya. Kin ga katangar maƙabartar shahidai 14, shida Muhajirai, takwas Ansaru, cikinsu har da Umair ƙanin Sa'ad bin Abi Waƙƙas, yaron da ya riƙa ɓuya a bayan manya don kada a ce ya yi ƙanƙanta a mayar da shi gida. Ki buɗe Suratul Anfal da ɗalibanki. Aya ta 42 ta faɗi inda kowace runduna ta sauka, Musulmi a gefen kwari na kusa da Madina, Ƙuraishawa a na nesa, ayarin Abu Sufyan kuma a ƙasa ta wajen teku, ɓangaren da motarku ta nufa bayan kun tashi. Aya ta 11 ta yi maganar ruwan saman da ya sauka ya daddale musu rairayi. Wadda ƙafarta ta nutse a rairayin nan da tsakar rana za ta fassara ayar da wani irin baki. Kilomita wajen 150 da kuka yi cikin gumi, Sahabbai ɗari uku da 'yan kai sun yi ta da raƙuma kimanin 70, ana karɓa-karɓa.

Su kuma masu shirya tafiyar akwai haƙƙinku a kansu. Kuɗin darasi kuka biya, ba kuɗin mota kawai ba. Ku haɗu ku rubuta musu takarda cikin mutunci, ku zayyana abin da aka yi alkawari da abin da aka samu, ku nemi a mayar muku da kason ranar. Ku kuma nemi nan gaba su riƙa gaya wa matafiya tun daren tashi a wane miƙati za a tsaya da dalilinsa, su kuma ɗora katan-katan na ruwa fiye da na sha, tunda da tsofaffi ake tafiya. Wallahu a'alam.