Amsa kan maganar madara da jinin Fulani

Salamu alaikum jama'a. Ƙanena da ya tambaya yadda ake gano abin da ke sa Bafulatani baligi ya sha ɗanyar madara cikinsa bai murɗa ba, to saurara.

Wurin da abin yake a cikin DNA, wato zaren gadon da ke jikin mutum, ai sananne ne. Kuromosom (ƙunshin DNA) na 2, dab da ƙwayar gado mai suna LCT, amma canjin a cikin maƙwabciyarta MCM6 yake zaune, harafi ɗaya tak, C ya koma T, wanda ake kira 13910. Shi ke sa jiki ya ci gaba da yin laktes, sinadarin da ke narkar da sukarin madara, bayan yaye. Kuma irin na Turawa ne aka samu a Fulanin Kamaru, ba canjin 14010 na makiyayan Kenya da Tanzaniya ba.

Ni abin da ke ƙona mini rai, mutum ya ɗauki takarda ya shiga ruga a Ngaundere ta Kamaru da sunan bincike yana cewa "Baffa, kana shan nono?" Haba! Wa ba ya shan nono? Kindirmo fa ya kwana, bakteriya sun cinye wani sashe na laktos ɗin, wato sukarin madarar. Wanda cikinsa ba ya ɗaukar madara ma sai ya sha fura da nono ya miƙe garau, kai kuma ka rubuta shi a layin masu ɗauka. Lissafi ya rushe tun daga ruga! Gwaji ake yi: mutum ya kwana bai ci komai ba, a auna sukarin jininsa, a dama masa laktos giram 50 a ruwa, a riƙa aunawa duk minti 20 har awa guda. In sukarin bai hau da miligiram 20 ba, a kowace desilita ta jini nake nufi, to ba ya narkarwa. Mai ciwon suga kada ka sa shi.

Jinin da za a ɗiba don gwajin DNA kuma a kwalbar EDTA mai hana shi daskarewa, cikin akwatin sanyi mai ƙanƙara, ka san zafin Marwa ta Kamaru a Afrilu.

A kwamfuta, lissafin da ake kira iHS dogon zaren DNA yake nema wanda ya bazu da sauri bai kakkarye ba. To auren zumunci ma yana ba da dogon zare, don haka fitar da 'yan gida ɗaya tukuna. FST kuwa, lissafin da ke auna bambancin gado tsakanin al'ummomi biyu, in ka gwama Fulani da mu Hausawa zai tashi wurare barkatai, saboda suna da gaurayen jinin Arewacin Afirka, ba wai madara ba ce ta jawo hakan.