Ajin zane a zauren shago: ina ribar take?

Tambaya: Ina da shagon kayan lakkol kusa da kasuwar Dole, nan Damagaram. Wani matashi mai zana allunan shaguna ya kawo mini shawara in ba da zaurena da jika 150 na kayan aiki, shi kuma ya riƙa koya wa yaran da suka gama CM2, ajin ƙarshe na firamare, zane a lokacin hutu, abin da aka samu mu raba biyu. In shiga?

Amsa: Alhaji, ka shiga, amma ka rage jarin, ka kuma bar zancen raba biyu.

Mu ɗauki biro mu lissafa. A ce ka samu yara 20, kowa na biyan dala ɗari a mako, sefa 500 ke nan. Jika goma ne a mako, a mako takwas jika 80. Wannan fa idan babu wanda ya yi fashi, kuma za a yi. Hutun daga Yuli zuwa Satumba yake, tsakiyar damina: wani an kai shi ƙauye noma, wata an ɗora mata talla. Ko duka 80 ɗin suka shigo aljihunka, jarin 150 bai dawo ba, balle a raba da wani.

Me za a saya har na jika 150? Na san yadda ake yi: a fara da fentin gwangwani da burushi da allunan katako, a ƙarshen hutu rabin fentin ya bushe saboda yaro bai rufe murfi ba. Ɗan shekara 12 da ke koyon riƙe hannu, kireyo da magogi da farar takarda sun ishe shi mako huɗu na farko, kuma duk suna kan kantarka a farashin sari. Ka ware jika 40, ka ce daga nan babu ƙari. Ka rubuta kayan a littafi kamar wani ne ya saya, kada su ɓace cikin lissafin shago.

Shi mai zanen, ka yanka masa lada kan kowane zama, misali jika biyu da rabi, sau biyu a mako. Rabon riba shi ke haɗa faɗa: zai ce a raba kafin a cire kuɗin takarda, kai ka ce sai an cire. Ku rubuta yarjejeniya gaban shaidu biyu, har da batun ranar da ya samu aikin allo mai tsoka ya ƙi zuwa. Kuɗin iyaye kuwa a karɓa ranar farko ta kowane mako. Na wata guda yana yi wa mutane nauyi, bashi kuma ba ya biyuwa idan hutu ya ƙare.

Da wannan tsarin kuɗin ajin zai riƙe kansa ne kawai. Ribarka tana Oktoba, lokacin rantire, wato komawa lakkol. Yaran nan su ne masu shiga kolej, inda ake neman kaye da yawa da kayan awo da jaka, fiye da abin da suka saba a firamare. Uban da ya yi wata biyu yana aiko ɗansa zaurenka, da wuya ya wuce ka ya kai takardar kayan rantire wani shago.

Akwai iyayen da za su ja da baya idan suka ji zane, don gudun surar mai rai. Kada ka tsaya musu da su. Ka ce wa malamin ya fara da dagi da zayyana da gyaran haruffa. Ya ɗauki yaran wata safiya su zaga Birni, su zauna gaban tsofaffin gidajen nan masu ado a bango, da ƙofar fadar Sarki, kowa ya kwafi abin da ya gani. Irin wannan hannun ne dukawa da masu ɗinkin hula da masu allunan shaguna ke nema, kuma uba yana ganin amfaninsa.

Ranaku kuma, Alhamis da Juma'a ne makarantun allo ke hutu, sai dai Alhamis ranar kasuwa ce, hankalinka ba zai kai zaure ba. Ka zaɓi safiyar Juma'a, ɗaya ranar ka tambayi iyayen. A makon ƙarshe ka ɗaura igiya a bakin shago, ka rataya zanen kowane yaro da sunansa, ka bar su a nan har a koma lakkol.