Na aika a ɗauko bayani, amma undefined nake gani

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne a Jami'ar Ahmadu Bello, Samaru. Na yi amfani da umarnin fetch a JavaScript don ɗauko sunayen ɗalibai daga saba, wato kwamfutar da ke ajiye bayanan, amma da na buga sakamakon a layi na gaba sai in ga undefined, wato babu komai a ciki, alhali sunayen suna nan. Ina matsalar take?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Bayananka ba su ɓata ba, ka neme su ne tun ba su iso ba.

Ka ɗauka uwargida ta aiki yaro ya kai niƙa inji. Ba za ta tsaya a zaure tana jiransa ba. Za ta hura wuta, ta ɗora ruwa, ta haɗa miya. Amma tuƙin tuwo sai gari ya dawo. Kai kuwa ka leƙa ƙwarya yaron bai ko kai wurin mai niƙa ba.

JavaScript aiki ɗaya take yi a lokaci guda. Da za ta tsaya jiran intanet, da shafin ya daskare, ko maɓalli ba zai dannu ba. Shi ya sa abin da fetch ke miƙo maka nan take Promise ne, wato alƙawarin cewa sakamako na tafe.

To, duk aikin da ke buƙatar sunayen ka sa shi inda zai jira cikar alƙawarin. Ko dai cikin then, wanda ya zo da tsarin JavaScript na 2015, ko ka rubuta async a farkon aikin (function) ka sa await, wato jira, kafin fetch, hanyar da aka ƙaro a 2017. Ni na fi son ta biyun, ta fi sauƙin karantawa. Sai dai await biyu kake buƙata, ɗaya na fetch, ɗaya na response.json(), mai fito da bayanan daga cikin amsar saba. Kuma aikin da ka sa wa async shi ma alƙawari yake mayarwa, wanda ya kira shi sai ya jira.

Don Allah kada ka sa setTimeout, wato jinkiri, na daƙiƙa uku ka ce an gama. Ina ganin ɗalibai na yin haka, kuma yana damuna ƙwarai. Ranar da sabis ya yi rauni a Samaru, ko a gaban malamai masu duba aikinka, undefined ɗin zai dawo.

Yaro na iya dawowa hannu rabbana, don haka ka kewaye aikin da try da catch, masu kama kuskure. Ka kuma duba response.ok, mai nuna ko an yi nasara, da kanka, domin fetch ba ya ɗaukar amsar 404 (ba a samu ba) ko 500 (matsala a saba) a matsayin kuskure.