Tambaya da Amsa: Sa tambari a bayan rubutu a Word

Tambaya: Malam, ina koyarwa a wata islamiyya a Daura. Ina so tambarin makarantarmu ya fito dishi-dishi a bayan takardar sakamakon ɗalibai, don kada wani ya yi ta jabu. Yaya ake yi?

Amsa: Allah ya gafarta malam, aikin ba wuya. A Word 2013 zuwa sama, danna Design a sama, sai Watermark a can dama, sai Custom Watermark. In tsohon Word 2007 ko 2010 ne a kwamfutarka, yana ƙarƙashin Page Layout. Zaɓi Picture watermark, ka ɗauko hoton tambarin, ka bar alamar da ke kan Washout, domin ita ce ke kashe kaifin launin. Mutane da yawa na cire ta don tambarin ya fito raɗau, sai a buga takarda a kasa karanta makin yaro. Buga shafi ɗaya tukuna ka duba, don abin da allo ya nuna ba lalle ne firinta ta fitar da shi haka ba, musamman in tawada ta fara ƙarewa.

In rubutu kake so maimakon hoto, zaɓi Text watermark, ka rubuta sunan makarantar, ka sa Diagonal ya kwanta a karkace. In sunan na da ƙ, ɗ ko ɓ, yi amfani da Arial ko Times New Roman, saboda wasu salon haruffan ba su da su.

Amma batun jabu, kada ka saki jiki. Duk wanda ya samu fayil ɗin Word zai goge tambarin da dannawa biyu, ta Remove Watermark. Don haka kada ka tura wa iyaye ko mai shagon buga takardu ainihin fayil ɗin. Mayar da shi PDF ta Save As. Ko PDF ɗin ma mai wayo zai iya taɓa shi. Hatimi da sa hannun shugaban makaranta da biro su ne kariyar gaske.

Tambaya: Ni ɗaliba ce a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, Katsina. Na cire kalmar DRAFT da aka sa dishi-dishi a bayan rubutu daga furojet ɗina, amma tana nan daram a babi na uku.

Amsa: 'Yar'uwa, Word yana ajiye tambarin ne a cikin kan shafi, wurin da ake sa taken sama. Furojet kuwa yawanci an raba shi sashe-sashe, don shafukan farko su ɗauki lambobin Romawa, kuma kowane sashe na iya zama da nasa kan shafin. Je babi na uku, danna saman shafin sau biyu, sai ki danna kan kalmar, ki buga Delete. Duba sauran babuka ma kafin ki kai a ɗaure.

Tambaya: Ba ni da kwamfuta. Zan iya da waya?

Amsa: Manhajar Word ta waya ba ta da maɓallin Watermark. Sa tambarin sau ɗaya a kwamfutar wani, a kan fayil ɗin Word marar rubutu, ka adana shi a wayarka, ka riƙa kwafarsa duk lokacin da za ka yi sabon rubutu.