Amsoshin Tambayoyinku: Baƙunci Wajen Aboki a Alƙahira

Tambaya: Abokina yana karatu a Jami'ar Azhar, suna haya shi da wasu ɗalibai a Hayyul Ashir da ke Madinatu Nasr. Ya gayyace ni in je in yi mako biyu a watan Janairu. Wace tsaraba zan kai masa? Na yi tunanin shadda da turare. Sannan yaya zan yi da batun abinci, don ba na so in ɗora masa nauyi? (Mai karatu daga Gusau)

Amsa: Ɗan'uwa, ajiye turaren nan. Misira gidan turare ce, kai za ka saye shi a can ka dawo da shi. Shadda ba laifi, amma ka kai ta a ɗinke, don samun telan da ya iya irin ɗinkinmu sai an sha nema.

Abin da ɗalibi ke kewa shi ne tukunyar gida. Daddawa, garin kuka, yajin ƙuli, busasshen tattasai, garin rogo, ƙuli-ƙuli, garin kunun gyaɗa. Waɗannan su ne idan ka buɗe jaka za ka ga 'yan ɗakin duka sun taso. Daddawa kuwa ka naɗe ta a leda ninki uku ka sa a roba mai murfi, in ba haka ba kayan sawarka za su yi ta shelar daga inda ka fito. Kada ka wahalar da kanka da zoɓo ko kuɓewa ko lalo: karkade, bamiya da mulukiyya ake kiransu a can, kuma cike suke a kasuwanninsu. Manja ka haƙura, kamfanonin jirgi da yawa ba sa karɓarsa, kuma in ya tsiyaye ya gama da jakar. Kilishi ma akwai kasada, don ƙasashe da dama na ƙwace kayan nama a filin jirgi. Tambayi kamfanin da ya sayar maka da tikiti kafin ka kashe kuɗinka.

Batun ci kuma, ga gaskiyar magana: abokinka ba zai taɓa ce maka kuɗinsa sun yi ƙasa ba, kunya za ta hana shi. Tun da aka saki darajar fam ɗin Misira a Maris 2024, tsadar kaya ta matse ɗalibai sosai. Idan ka miƙa masa kuɗi a hannu zai ƙi karɓa, wataƙila ma ya ji haushi. Don haka washegarin isarka ka ce ya raka ka kasuwa kana son ganin gari, ka sayi shinkafa, mai, ƙwai, kaji, sukari da ganyen shayi da za su ishi ɗakin duka, ka biya kafin ya sa hannu a aljihu. Tukunyar gas in ta ƙare, kai ka cika.

A waje kuma ku ci abin da mutanen gari ke ci. Da safe ful (dafaffen wake) da ɗa'amiyya (irin ƙosansu) cikin gurasarsu ta aish baladi, da rana koshari, wato shinkafa da taliya da adas (wani ɗan ƙaramin wake) da miyar tumatir da soyayyiyar albasa a sama. Akwai araha, akwai ƙoshi. Ka sani dai abincinsu ba ya da yaji, sai ka nemi shaɗɗa, wato yajinsu, ko ka zaro naka daga aljihu.

Kada ka raina sanyin Janairu. Gidajen can ba su da abin ɗumama ɗaki, dare kuma da sanyi mai ratsa ƙashi. Tafi da rigar sanyi mai kauri da safa.

Tambaya: Zan ziyarci ƙawata da ke aure a Alƙahira. Kuɗina ba su da yawa. In kashe su wajen yawon buɗe ido ne ko sayayya? An ce mini komai Khan Khalili ake samu. (Mai karatu daga Maraɗi)

Amsa: 'Yar'uwa, Khan Khalili wurin kallo ne. Kasuwa ce tun ƙarni na 14, ga masallacin Husaini a gefenta, ga na Azhar da aka fara ginawa a 970 a tsallaken titi. Ki je da yamma, ki sha shayi, ki ɗauki hoto. Amma farashin can na baƙi ne, kuma da an ji Larabcinki ba na gari ba ne sai a ninka. Abaya, mayafi, zannuwan gado na audugar Misira da kayan yara, ki sa ƙawarki ta kai ki kasuwar Ataba ko ta Muski, inda matan gari ke saye. Ki bar ta ta yi cinikin, ke ki yi shiru kamar ba ki damu ba. Littattafan addini kuwa shagunan bayan Azhar ne gidansu, sai dai nauyi. Auna jakarki kafin ki biya.

Wuraren tarihi ki zaɓi ɗaya ki yi masa yini guda, ni dai dalar Giza zan zaɓa. Tikitin baƙo ya fi na ɗan ƙasa tsada nesa ba kusa ba, kuma wurare da yawa yanzu da kati ake biya, ki tabbatar naki na aiki a waje. Raƙumi a can kada ki hau sai kun yanke kuɗin zuwa da na dawowa da mai shi. Sauran ranakun, Lambun Azhar da aka buɗe a 2005 da kwale-kwale a kan Nilu bayan la'asar sun isa, kuma ba su cin aljihu.

Zirga-zirga ki bi jirgin ƙarƙashin ƙasa, yana da taragon mata zalla a tsakiya. In dare ya yi ki kira Uber, kin huta da gardamar mai tasi. Canjin kuɗi a banki ko shagon canji mai lasisi kawai, na bayan fage laifi ne a dokarsu. Juma'a da Asabar ne hutunsu, ki tsara fita mai nisa a ranakun don maigidanta ya samu raka ku.