Zaɓen matasa a ƙwallon Ostiraliya: wa ya tsinci dami a kala, wa ya tafka asara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekarata biyu ina karatu a Melbourne, abokan aikina kuma sun ja ni cikin ƙwallon ƙasarsu har na zama ɗan Richmond. Duk watan Nuwamba sai gardama ta kaure a kan abin da suke kira diraf. Da na buɗe baki sai wani ya ce "Tambling", a kwashe da dariya. Don Allah a warware mini: wane zaɓe ne ya fi kowanne riba a tarihin wannan gasa, wanne ne kuma ya fi muni? Kuma da gaske namu ne mafi munin?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka kwantar da hankalinka, naku ba shi ne mafi muni ba, ko da yake sai ka daure, don sunan Richmond zai fito a wannan bayani fiye da sau ɗaya.

Ga wanda bai saba da tsarin ba, gasar AFL, babbar gasar ƙwallon Ostiraliya, ba kamar ƙwallon Turai take ba, inda mai kuɗi ke zuwa ya sayi yaron da ya ga dama. Tun 1986 ake jera matasa, yawancinsu 'yan shekara 18, ƙungiyoyi su riƙa ɗauka bi da bi, wannan shi ne diraf. Wadda ta ƙare a ƙasan tebur ita ke fara zaɓa, wadda ta ɗauki kofi ita ce ta ƙarshe. Lambar zaɓe kuma kadara ce, ana musayarta da ɗan wasa ko da wata lambar. Saboda haka duk wanda zai auna zaɓe, abu biyu zai duba: me aka biya, kuma wa aka bari a kan tabarma lokacin da aka miƙa hannu.

Da wannan ma'auni, sai mu fara cire wasu sunaye da ake yawan kawowa. Luke Hodge, wanda Hawthorn ta ɗauka a lamba ta 1 a 2001, ya ci kofi huɗu, sau biyu kuma yana karɓar lambar Norm Smith ta gwarzon wasan ƙarshe. Gwani ne na gaske, amma lamba ta 1 aka biya, aka samu abin da ake sa rai. Haka Gary Ablett ƙarami, da Geelong ta samu a lamba ta 40 a shekarar nan. Shi kam gado aka ci. Akwai dokar uba da ɗa, wadda ta ba ƙungiya fifiko a kan ɗan tsohon ɗan wasanta, a wancan zamani kuma lambar zagaye na uku kawai ake ajiyewa a tafi da yaro. Da haka Geelong ɗin ta ƙara samun Tom Hawkins a lamba ta 41 a 2006, daga nan aka gyara dokar, aka kawo tsarin tayi.

Waɗanda suka rage su ne na gaske. James Hird ya fito daga Canberra, Essendon ta ɗauke shi a lamba ta 79 a 1990, ya ci Brownlow a 1996 tare da Michael Voss, ya jagoranci ƙungiyar zuwa kofin 2000. Brownlow ita ce babbar lambar yabo ta ɗan wasa, alƙalan wasa ne ke jefa ƙuri'arta bayan kowace karawa. Chris Grant ya fi shi nisa ma, lamba ta 105 a 1988, ya buga wa Bulldogs wasa 341. Brent Harvey, ɗan tsurut da ake ganin bai da jikin wannan wasa, lamba ta 47 a 1995, ya yi ritaya a 2016 da wasa 432. Sai dai ina rage wa Hird da Grant maki kaɗan. A shekarunsu diraf bai kafu ba, masu farautar yara ba su da yawa, kuma ƙungiyoyin Melbourne na da yankunan da suke kwasar matasa kai tsaye ba tare da an jera su ba. Lamba ta 105 a 1988 ba daidai take da lamba ta 105 a yau ba, yau ma da wuya a kai can.

Ni a wurina Adam Goodes ne. A 1997 tsarin ya riga ya zauna, kowace ƙungiya ta ga yaron yana buga wa North Ballarat a gasar 'yan ƙasa da 18, amma aka kira sunaye 42 kafin nasa. Ita kanta Sydney da ta ɗauke shi sai da ta fara zaɓar wani. Abin da ta samu a lamba ta 43: wasa 372, Brownlow biyu a 2003 da 2006, kofi biyu a 2005 da 2012, da mutumin da za a iya sa shi a tsakiya, a gaba, a baya, ko ya yi tsallen ƙwallon da alƙali ke bugawa a ƙasa. Kofin 2005 ɗin nan shi ne na farko da ƙungiyar ta gani tun 1933, tun tana South Melbourne. Idan wani a wurin aikinku ya ce Dean Cox ne, wanda West Coast ta tsinto daga zaɓen ragowa bayan kowa ya gama, kada ka ja da shi sosai, yana da hujja.

To, mu zo kan ciwon naka. A diraf na 2004 Richmond na da lamba ta 1 da ta 4, Hawthorn na da ta 2, ta 5 da ta 7. Richmond ta ɗauki Brett Deledio, wanda ya yi mata aiki mai kyau. Hawthorn ta ɗauki Jarryd Roughead. Da aka zo ta 4, Richmond ta kira Richard Tambling, yaro mai gudu daga can arewa wajen Darwin. Hawthorn ta ce Lance Franklin, sannan a ta 7 ta ƙara da Jordan Lewis. Roughead da Lewis kowannensu ya ci kofi huɗu. Franklin kuwa ya zura ƙwallo 113 a kakar 2008 kaɗai, ya yi ritaya da 1,066. Daren 25 ga Maris 2022, a filin SCG na Sydney, lokacin ya koma ƙungiyar Sydney, ya tsaya zai buga ta dubu a kan Geelong, mutane sun riga sun hau shinge suna jira. Ƙwallon na ratsa tsakanin sanduna dubban jama'a suka kwararo cikin fili, wayoyi a sama, suka kewaye shi, sai da aka tsayar da wasa fiye da rabin awa. Duk ɗan Richmond da ya kalli wannan dare ya san abin da ya tokare masa maƙogwaro.

Amma a duba Tambling shi kaɗai. Ya buga wasa 124, 108 a Richmond, sauran a Adelaide. Yawancin yaran da ake ɗauka ba sa kaiwa wasa ɗari. Laifinsa ɗaya, sunan da aka kira bayan nasa, kuma ba shi ya kira kansa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: waɗanda suka zauna a ɗaki suka yanke shawara ba kowa ya san fuskarsu ba, yaron ne ya yi shekaru yana shan habaici a fili. Abin da ya sa dariyar ta kama Richmond sosai shi ne an taɓa yi. A 1999 ta ɗauki Aaron Fiora a ta 3, Fremantle ta ɗauki Matthew Pavlich a ta 4, ya je ya buga wasa 353 ya ci ƙwallo 700. A 1987 ma lambarta ta 1, Richard Lounder, wasa huɗu ya buga.

Ga makaminka na farko idan ɗan Hawthorn ne mai tsokanar. Shekara biyu bayan wancan diraf na sa'a, a 2006, Hawthorn na riƙe da lamba ta 6, ta ɗauki Mitch Thorp daga Tasmania. Geelong a ta 7 ta ɗauki Joel Selwood, wanda ƙungiyoyi ke ɗari-ɗari da shi saboda gwiwarsa. Thorp ya sha fama da raunuka, wasa biyu ya buga aka sallame shi. Selwood ya ci kofi a shekararsa ta farko, ya ƙara a 2009, 2011 da 2022, ya yi kyaftin shekara goma sha ɗaya, ya buga wasa 355 da gwiwar nan da aka ji wa tsoro. Bayan Hawthorn ta doke Geelong a wasan ƙarshe na 2008, sai da Geelong ta lallasa ta sau 11 a jere, Selwood na tsakiyar fili. Idan tazara tsakanin wanda aka ɗauka da wanda aka bari ce ma'auni, biyu da 355 ta fi 124 na Tambling da 354 na Franklin nisa. Ƙungiya ɗaya ce fa ta yi wannan da wancan. Cinikin biri a sama ne, yau ka dace gobe ka sha ƙasa.

Akwai rukunin da ba na yarda a sa su a jerin "mafi muni", ko da alƙaluma sun nuna haka. Paddy McCartin, lamba ta 1 a 2014, buguwar kai ce ta yi ta maimaituwa har ta raba shi da St Kilda, ya dawo a Sydney ya buga wasan ƙarshe na 2022, ta sake tilasta masa ajiye takalmi a 2023. Jonathon Patton, lamba ta 1 a 2011, sau uku ana yi masa aikin jijiyar gwiwa. Babu mai farautar yara da zai hango wannan. Sai Tom Boyd, lamba ta 1 a 2013, wanda ya bar ƙungiyar GWS ta yammacin Sydney bayan shekara guda zuwa Bulldogs a kan kwantiragin shekara bakwai, ya daina wasa a 2019 yana ɗan shekara 23, bayan fama da raunuka da matsalar damuwa da shi kansa ya fito ya bayyana. Wasa 61 kawai. Amma a zangon ƙarshe na wasan kofin 2016, Dale Morris na Bulldogs ya cafke Franklin na Sydney a tsakiyar fili, ƙwallo ta suɓuce, Boyd ya ɗauka ya narka ta daga can nesa, ta faɗi ta yi tsalle ta shige. Bulldogs ta ɗauki kofin, na farko tun 1954. Je ka unguwar Footscray, gidan Bulldogs, ka ce wa wani dattijo an yi asarar kuɗi a kan Boyd, ka ji abin da zai faɗa maka.

Wanda nake ba kambun muni shi ne abin da ƙungiyar Melbourne ta yi a 2008 da 2009, domin a nan kuskuren ba na dare ɗaya ba ne, na gida ne gaba ɗaya. A 2008 ta ɗauki Jack Watts a ta 1, ta bar Nic Naitanui ga West Coast. Ba a tsaya nan ba, aka jefa Watts cikin babban wasan hutun watan Yuni da Collingwood a filin MCG yana ɗan sakandare, don a nuna wa magoya baya cewa mai ceto ya iso. Yana taɓa ƙwallo 'yan Collingwood uku suka rufar masa. Ya yi wasa 174 a rayuwarsa, amma bai taɓa fita daga inuwar wannan rana ba.

A 2009 doka ta ce ƙungiyar da ta ci gaba da zama a ƙasa, ba ta ci fiye da wasa huɗu ba, za a ƙara mata lamba ta musamman a farkon layi. Melbourne ta ci huɗu cif, ta samu ta 1 da ta 2. Zargin cewa da gangan aka riƙa sakin wasa ya bi ta har 2013, lokacin da AFL ta ce ba ta same ta da laifin faɗuwa da gangan ba, amma ta ci ta tarar dala 500,000, ta dakatar da jami'ai biyu. Kowa ya fassara wannan hukunci yadda ya ga dama. Da lambobin biyu aka ɗauki Tom Scully da Jack Trengove. Scully ya yi kaka biyu ya bi kuɗin GWS. Trengove aka ɗora masa kyaftin yana ɗan shekara 20 a ƙungiyar da ke shan kashi mako-mako, sannan ƙashin ƙafa ya cinye masa shekaru. An zubar da mutunci don a samu zaɓe biyu na farko, kuma gwarzon shekarar na zaune a lamba ta 3.

Wannan ne makaminka na biyu, don Richmond ce ta ɗauke shi. Dustin Martin: Brownlow a 2017, kofi uku a 2017, 2019 da 2020, kuma shi ne gwarzon wasan ƙarshe a duka ukun, abin da babu wanda ya taɓa yi. Nat Fyfe ma, mai Brownlow biyu, yana cikin wannan diraf, sai a ta 20 Fremantle ta kira shi.

Abin dariyar, Melbourne ba ta tashi hannu rabbana a daren ba. Can a lamba ta 34 ta ɗauki wani zanƙalelen yaro da ya haura mita biyu, yana jinyar gwiwa, ba wanda ya damu da shi. Max Gawn ke nan, kyaftin ɗin da ya ɗaga mata kofin 2021, na farko tun 1964. Idan ɗan Melbourne ya kawo maka wannan, ka sara masa, sannan ka tambaye shi ina Scully.